Akwatin Doguwar Hanya

Ni ce 'yar fari a gidanmu, saboda haka ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba. Idan magana ta kama dole sai ya ambace ni, "wagga yarinya" yake cewa, yana duban wani wuri. Inna ma haka. Tun da aka yaye ni aka miƙa ni ga Goggo, ƙanwar Baba, wadda ɗakinta ke ƙuryar gida kusa da kurna, kuma duk abin da zai shiga tsakanina da iyayena ta bakinta yake bi. In takalmina ya tsinke, Goggo nake gaya wa. Bayan kwana biyu sai in tarar da sabo a bakin ƙofa. Ba a cewa ga wanda ya saya, ni ma ba na tambaya.

Shekarar da hakimi ya aiko cewa Turawa na son 'ya'ya mata a makarantar Sakkwato, mutanen Illela sun yi ta ɓoye nasu. Wasu an kai su Garu wajen dangi, wasu Gidan Katta, wasu ma an tsallaka da su Ƙonni, ƙasar Faransa, sai da maganar ta kwanta. Ni aka bayar, ina 'yar shekara takwas. Na daɗe ina tafiya da wannan kamar tsakuwa a takalmi: wato da aka duba yaran gida, ni ce wadda rashinta ba zai dami kowa ba. Ba wanda ya gaya mini haka. Ni na saƙa abina, kuma littattafan Turawa suka taya ni, domin a cikinsu uba yakan ɗora 'yarsa a cinya, ya kira ta da sunanta, ya tambaye ta abin da take so.

Duk da haka na so makarantar. Akwai kabad ɗaya na littattafai a ajin manya, na karance shi sau biyu. A bayan littafin lissafina nake rubuta 'yan waƙoƙina, wani lokaci da boko, wani lokaci da ajami: waƙar tantabarun Goggo, waƙar raƙuman da ke sauke kanwa a bakin kasuwarmu, da wata doguwa a kan kogin da ban taɓa gani ba.

Ana saura kwana uku mu tafi hutun ƙarshe, Baturiyar da ke shugabancin makarantar ta kira ni ofis. Doguwa ce, tana jin Hausa sosai, sai dai takan ja kowace kalma kamar tana tsoron ta fashe. Ta ajiye wata takarda a gabana mai layi biyu.

Layi na farko, in zauna nan Sakkwato in yi shekara biyu a ajin horon malamai, in fito ina koyar da ƙananan yara. Layi na biyu, wata kwalejin 'yan mata ce can kudu, bayan an haye kogin Kwara. Shekarunta sun fi yawa, amma wadda ta ci jarrabawar ƙarshe tana iya wucewa jami'ar da ake ta labarin an buɗe a ƙasar Yarbawa.

"Gurbi ɗaya aka ba mu," ta ce. "Ke nake so ki je. Amma ba ni zan zaɓa ba. Ki sa alama a layin da kuka yarda, mahaifinki ya sa hannu a ƙasa, ki aiko mini da motar wasiƙu kafin sati biyu. Dole in tura sunaye Kaduna kafin a dawo hutu."

Sai ta ciro wani hoto daga aljihun tebur ta nuna mini. Ɗaki ne dogo, littattafai tun daga ƙasa har rufi, da tsani a jingine don ɗauko na sama. Ban taɓa tunanin akwai littafin da sai an hau tsani ba. Duk tsawon hanyar Illela, ina bayan mota tsakanin buhunan gishiri, tsanin nan nake hawa ina sauka.

Da na isa gida na tarar ɗakin Goggo a rufe. 'Yarta da ke aure a Tawa, can cikin ƙasar Faransa, ta haihu, ta tafi yi mata wankan jego, kuma ba ta dawowa sai an yi arba'in. Takardata kuwa sati biyu gare ta.

Kwana uku ina zagaya zaure. Rana ta huɗu, washegarin kasuwa, na karɓi ƙwaryar furar Baba daga hannun Inna na ce ni zan kai. Ta dube ni, ta sakar mini. Fataucin goro Baba yake yi, yana sarowa daga kudu yana kaiwa ƙetaren iyaka. Na same shi ya kwance huhu yana tsince ruɓaɓɓu yana yayyafa wa sauran ruwa. Abokansa biyu na tare da shi, wani maɗinki mai yawan barkwanci da wani Bafulatani dillalin shanu. Ya kamata in ajiye furar in juya. Na san haka. Amma na riga na tara ƙarfin hali na kwana uku, na ji in na fita da shi ba zai sake taruwa ba. Na durƙusa na tura takardar kusa da tabarma.

"Baba, daga makaranta ne."

Bai ɗago ba.

"A'a!" in ji maɗinki. "Yau ɗiyar Goggo da kanta? Matso, 'yar boko. Mi Nasara ka so kuma? Mun ba su ɗiya, ko yanzu uban suka biɗa?"

Na yi musu bayani kaina a ƙasa. Layin farko na faɗe shi da kalma kaɗan. Da na zo na biyu sai bakina ya kuɓuce mini. Na faɗi jirgin ƙasa, na faɗi gadar Kwara, na faɗi ɗakin littattafai, har tsanin ban bari ba.

"Shekara nawa kinka ce?" Bafulatanin ya tambaya.

Na faɗa.

"Kai! Maraƙar da anka haifa min jiya ta yi ɗa kamin ki gama. Wane irin karatu na wanga, ba shi da sauka?"

"Kai dai yi hankali da bakinka," maɗinki ya ce masa. "Wagga Di'o za ta dawo. Ranar da ta hau doki da hular kwano, jangali za ta aza maka har na kaji." Ya juya ga Baba. "To, Malam, mi ka ce? Ka bari ta haye ruwa?"

Baba ya ɗauki wani goro ya juya shi a hannu, ya jefa cikin masu kyau.

"Ni mi ya kai ni ga zancen yara?" ya ce. "Ta yi abin da ta ga dama."

Na jira. Na ɗauka akwai saura. Sai ya ce wa maɗinki, "Miƙo min wancan ganye," suka koma zancen farashin fata a Ƙonni. Na ɗauki takardata na fita da baya.

A gindin kurna na yi kukana. Abin da kunnena ya ji shi ne: ba ruwana da ke, je ki ko bangon duniya. Da yamma na gwada Inna, tana tankaɗe.

"Ki jira goggonki," ta ce.

"Inna, takardar ba ta jira."

"To ni mi zan ce? Ba ni shiga."

A tuwon ranar na tarar da man shanu ya fi na kullum, har yana kwance a gefen akushi. Na ci, ban kawo komai a raina ba.

Ba zan ɓoye laifina ba. Kowane mako akwai masu tafiya Tawa daga bakin kasuwarmu, da na rubuta wa Goggo layi uku da ajami wani ya karanta mata, da amsa ta iso kafin lokaci ya ƙure. Na yi tunanin haka, na ƙi. Na ce wa kaina Baba ba ya so, kunya ce ta hana shi hana ni a gaban mutane, 'yar kirki kuwa ba ta jira sai an hana ta. Wannan shi ne dalilin da na riƙa gaya wa kaina. Akwai wani a ƙarƙashinsa wanda bai kai shi kyau ba. Ina so in yi haƙurin da zai yi masa ciwo. Ina so wata rana ya gane abin da na bari saboda shi, ya ji nauyi.

Na sa alama a layin farko. Ƙaramar alama ce, ko ƙwayar gero ta fi ta.

Da hantsi na same shi shi kaɗai a zaure. Na shimfiɗa takardar, na ɗora yatsa a inda zai sa hannu. Baba ba ya karanta boko. Ya jawo tawadarsa da alƙalamin kara, ya rubuta sunansa da ajami a hankali, harafi bayan harafi, ya hura don ya bushe. Bai tambaye ni wane layi na zaɓa ba. Ya daɗe yana duban takardar, sannan ya ce, kamar da bango yake magana, "Allah shi sa albarka." Na kai ta tasha na damƙa wa direban motar wasiƙu.

Cikin makonnin da suka biyo na lura Baba ya je Ƙonni sau biyu ba ranar kasuwa ba. Na kuma gan shi a tasha yana zaune da direbobin da ke zuwa Gusau, shi da ba ya son hayaniyarsu. Na ce harkar goro ce. Ni dai ina ɗaki, na daina rubuta waƙa, ina ta kallon tantabaru.

Goggo ta dawo ana saura kwana uku hutu ya ƙare, ta yi baƙi, ta rame, bakinta kuwa yana nan yadda yake. Washegari da safe Baba ya kira ta zaure. Da ta fito sai na ji tana ƙwala mini kira.

"Ke, 'yar boko! Taho ki kama min, bayana ba na ƙarfe ba ne."

Akwati ne na ƙarfe, shuɗi, da zanen furanni ja a murfinsa, irin wanda sai a kantunan Ƙonni. Muka shigar da shi ɗaki. Ta buɗe tana fito da kaya ɗaya bayan ɗaya tana yi musu kirari. Bargo mai kauri. Turmin atamfa biyu. Kilishi a naɗe cikin takarda. Garin yaji a gwangwani, domin an ce mutanen can miyarsu ja ce amma ba ta da daddawa. Daga ƙarshe ta zaro wata baƙar lema mai mariƙin katako, ta buɗe ta a tsakar ɗaki har ta taɓa rufi.

"Ubanki ya ce, to, bai ce ba, amma ya ce, wai can ruwa ba shi ɗaukewa, wata bakwai ana abu guda. Kada ki jiƙe ki ja mana tari. Kuma ya ce in kin sauka Gusau kada ki shiga jirgi ta ƙofar baya, nan ne masu awaki."

"Goggo," na ce, "Sakkwato za ni."

"Na sani mana. Daga Sakkwato sai Gusau, daga Gusau sai jirgi."

"A'a. Sakkwato kawai. Ajin malamai na zaɓa."

Ta rufe lemar a hankali. Ta zauna a bakin gado. "Maimaita."

Na ba ta labari tun daga farko. Da na zo wajen zaure sai ta dafe kai.

"Gaban mutane kinka tare shi? Gaban maɗinkin nan da bakinai ba shi da ƙyaure? Mi kike so shi yi, shi tashi shi taka rawa don ɗiyar fari za ta karatu? Su kwashe shi da dariya har Ƙonni?"

"Cewa ya yi in yi abin da na ga dama."

"To! Mi ya rage? Uba ya ce ma ɗiyar fari ta yi abin da ta ga dama, ai ya buɗe ƙofa ke nan ya kau da kai don ki wuce. In da ba shi so, ce miki zai yi a jira ni. Ke da kinka tsaya kina ba su labarin tsani, wa bai san inda ranki yake ba? Kurma ma ya sani."

"Na ɗauka bai damu ba. Tun da dai ni ya bayar tun farko."

Goggo ta dube ni kamar yau ta fara ganina.

"Bayarwa? Ke, wa ya ce miki an roƙe shi? Dogari bai ko zo ƙofar gidan ga ba. Shi ya taka da ƙafarsa har wurin hakimi, ya ce Goggo na da wata ɗiya mai kai, a rubuta ta. Sati guda uwarki ba ta yi mishi magana ba. Shekara nawa kina cin tuwon gidan ga, ashe kunnenki na can wurin Nasara."

Ta tashi ta gyara ɗaurin zaninta ta nufi zaure, ni kuma na bi ta na tsaya a bayan zana. Na ji ta tana faɗa masa da ƙaramar murya, ba wasa ko ɗaya a ciki. Ta gama. Ina jin motsin ganyen goro a hannunsa, sannan shi ma ya tsaya.

"To," ya ce. "Sakkwato ma akwai malamai."

Can kuma ya ƙara, "Ta tahi da akwatin. Nata na."

Ranar da na koma, kafin in kai kayana ɗakin kwana na wuce ofis. Baturiyar ta saurare ni har na gama.

"Na yi mamaki da na ga takardarki," ta ce. "Amma na ɗauka mahaifinki ne ya hana. Haka nake gani kowace shekara. Ban so in aiko da tambaya in ƙara miki ciwo."

Sunaye sun tafi Kaduna tun kwana goma. An ba wata 'yar ajinmu gurbin, har an ɗinka mata kaya. Baturiyar ta ce tana iya rubutawa ta tambaya ko za a ƙara gurbi, sai dai ba ta sa rai. Ta dube ni tana jira. Da na ce ta rubuta, da na durƙusa na nace, ban san abin da zai faru ba, kuma ba zan taɓa sani ba. Na tuna yarinyar da kayanta sababbi, na ji kunyar a ce ina neman ƙwace mata. Na ce, "Ba komai, a bar shi." Ita kuwa in an ce mata a bari, bari take yi.

Da la'asar ina jera kaya na ɗaga bargon, sai wata takarda ta faɗo, a naɗe, an ɗaure ta da zare. Rubutun Baba ne. Wasiƙa ce zuwa ga mai masaukinsa na can kudu, mutumin da yake sauka a gidansa idan ya je sarin goro, a garin da kwalejin take. Ba ni aka rubuta wa ba, amma na kwance.

Bayan gaisuwa ya ce mai ɗauke da wannan takarda 'yarsa ce ta fari. Sai ya rubuta sunana, cikakke, da wasulansa duka, kamar yana tsoron a karanta shi ba daidai ba. Ya ce a riƙa leƙa ta ranar Juma'a. Ya ce ba ta cin kuɓewa. Ya ce tana da yawan shiru, kada a ɗauka fushi ne, tunani ne, tun tana ƙarama haka take, takan zauna gindin kurna tana magana da tsuntsaye. Ya ce in ta nemi littafi a saya mata kowane iri ne, shi zai ji da sauran.

Ban san ya san ba na cin kuɓewa ba. Na zauna a kan akwatin har aka buga ƙararrawar abinci, aka sake bugawa.

Na yi shekara biyun, na fito da sakamako mai kyau. Yanzu ina koyarwa a garinmu, 'yan mata goma sha ɗaya a ɗaki ɗaya, kuma ba zan ce ba na jin daɗinsu ba. Wadda ta tafi a gurbina takan rubuto mini. Ta ce tsanin yana nan, ƙafarsa ɗaya ma tana girgiɗi. Ta ce idan jirgi ya hau gadar Kwara kowa yakan yi shiru har sai an haye. Ina karanta wasiƙunta sau ɗaya in ajiye. Doguwar waƙata ta kogi tana nan inda na tsaya da ita.

Lemar ba ta taɓa ganin ruwan wata bakwai ba. Rana nake karewa da ita tsakanin gida da makaranta, har yara na yi mini laƙabi da ita. Idan na wuce ƙofar zaure Baba yakan sunkuyar da kai ga goronsa, ni ma in kau da nawa. Ba mu taɓa yin maganar ba, ba kuma za mu yi ba. Bai san na karanta wasiƙar ba, ko kuwa ya sani.

Amma kowace shekara, idan lokacin rufe makarantu ya zo, sai ya kira Goggo zaure. Ta fito ta same ni, ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta ko zama.

"Wai ya ce, wagga yarinya, babu wata takarda da za a sa ma hannu?"

Shekarun shiga kwalejin sun riga sun wuce ni, na kuma gaya wa Goggo ta gaya masa tun bara waccan. Bana ma ya tambaya.

"Ki ce masa babu, Goggo," na ce. "Ki ce masa na gode."